Layin Safe a Garin Yuraniyom

Daga Agadas zuwa Arlit tafiyar kilomita wajen 240 ce, amma a tasha ba wanda ya ƙirga mana ita da kilomita. Kowa cewa yake, “In Allah ya yarda a can za ku yi la'asar.” Hanyar yuraniyom ake ce mata, domin saboda shi aka shimfiɗa ta tun daga Tawa, manyan motoci su riƙa gangarawa da ganguna zuwa bakin teku a Kwatano. Kwaltar ta zaizaye a wurare da yawa, sai direba ya sauka gefe ya bi sawun waɗanda suka riga shi a cikin rairayi. A hannun dama duwatsun Abzin ne, baƙaƙe, suna rakiyarmu daga nesa. A hagu kuwa fili ne fetal har iyakar gani. Ni da na tashi a Kano, inda ko ka bar gari ba ka rasa gona, ko darbejiya, ko mai tallan rake a bakin titi, ban taɓa sanin ƙasa tana iya wofinta haka ba.

Da muka kusa sai na hango wasu tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, dogaye, a jere. Na taɓa maƙwabcina a kujera na ce, “Malam, wane dutse ne wannan?” Ya ce, “Ba dutse ba ne, Alhaji. Ƙasar da aka tono ce.” Na sake dubawa, na kasa yarda. Na san tudun ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Bukuru da Barikin Ladi, na san Dala da Goron Dutse, amma ban taɓa ganin tsaunin da hannun ɗan Adam ya tara ya kai wannan tsawo ba. Daga baya na fahimci iri biyu ne: akwai ƙasar da aka kwashe daga saman ramuka, akwai kuma ragowar da ke saura bayan an tace ma'adinin. Ta biyun ce ta fi haɗari, kuma kamfanin Cominak kaɗai ya bar kusan tan miliyan 20 nata.

Garin gaba ɗayansa ƙanena ne a shekaru. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka fara gina Arlit a 1969, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974 da nasa garin, Akokan, ya fara aiki a 1978 a ramin ƙarƙashin ƙasa mai zurfin mita wajen 250, aka rufe shi ranar 31 ga Maris, 2021. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da kantunan kamfani suke cike da kayan Faransa, har ake kiran garin Faris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ɗan ƙasar Benin ya sa wa fim ɗinsa na 2005. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunnena bai yi baƙunta ba. Abzinawa, Zabarmawa, Tubawa, Barebari, Larabawa, kowa da harshensa a gida, amma ciniki da gaisuwa da faɗan tasha duk da Hausa ake yi. A kasuwa na ga wani dattijo da rawanin turkuɗi yana ƙyalli, na tambaye shi inda aka rina, ya ce, “Kura, ƙasarku.”

Zumunci ne ya kai ni. Kawuna, ɗan'uwan mahaifiyata daga dangin Damagaram, ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami, ya yi ritaya, ya ƙi barin garin. Wata safiya bayan asuba ya ɗauko wani ɗan littafi daga cikin leda ya ce, “Yau ranar likitana ce. Tun da kai ma aikinka ke nan, taso mu je.” Aikina kuwa shi ne koyar da likitoci masu neman ƙwarewa a fannin cututtukan cikin jiki na manya, a wani asibitin koyarwa a ƙasarmu. Na karɓi littafin. Karne suke ce masa, kuma a hannun marar lafiya yake zama. Na buɗe na ga awon jinin Kawu wata bayan wata, da nauyinsa, da maganin da aka ƙara da wanda aka janye, da dalilin janyewar. A wurinmu fayil a ɗakin ajiya yake kwana, ranar da ya ɓata kuwa sai a buɗe wa mutum sabo, tarihin shekara goma ya tafi. Nan ga tarihin mutum a aljihunsa, ya je Agadas da shi, ya je Yamai da shi.

Cibiyar lafiyar da muka je ba wata babba ba ce. Rumfa, bencina, randar ruwa, mata a gefe guda da yara a baya, maza a ɗaya gefen. Likitan saurayi ne, bai fi sa'ar ɗaliban da nake koyarwa ba. Ya gama karatunsa a sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, burinsa ya koma ya ƙware a fannin da nake ciki. Da Kawu ya gabatar da ni, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu biyu ya ce, “Maigida, ka zauna kusa da ni. In na kuskure ka gyara mini.” Na zauna da niyyar kallo, kuma kallon na yi, domin ban sami abin gyarawa ba.

Kafin Kawu ya zauna likitan ya ce, “Baba, yaya ƙafar? Kumburin ya sauka tun da muka rage ƙwayar nan?” Bai buɗe karne ba tukuna. Ya san mutumin. Ya san cewa matarsa tana son gishiri da kanwa a miya, ya san cewa yana zuwa lambu da rana tsaka. Ya bayyana mini dalilin da ya sa bai ɗora shi a kan maganin da ke sa fitsari ba: tsohon da yake aiki a zafin da kan wuce digiri 40, yana zufa, ba ya shan ruwa isasshe, in ka ƙara masa abin da zai zuƙe ruwan jikinsa, ƙodarsa kake nema da rigima. Wannan yana cikin littattafai, na kuma sha faɗa wa ɗalibai a aji. Amma a nan na ga wanda ya koye shi daga bin mutum ɗaya damina da rani, yana ganin yadda awonsa yake sauyawa da yanayi.

Sai wani matashi ya shigo, ramamme, yana tari. A raina na riga na rubuta tarin fuka, gwajin kaki, hoton ƙirji, sai na gaba. Likitan ya gaishe shi, sannan ya ce, “Ɗan'uwa, wane aiki kake yi?” Ya ce yana sayar da shayi. “Kafin shayi fa?” Ya ce ya yi haƙar zinariya a Cibarkaten, can kusa da iyakar Aljeriya, inda jama'a suka yi tururuwa tun 2014, shekarar da aka gano zinariyar Jado. “A rami kake, ko a wajen niƙa?” A wajen niƙa. “Ana zuba ruwa, ko a bushe ake niƙawa?” A bushe. “Har tsawon wane lokaci?” Yaron ya lissafa da azumi. Sai da ya gama wannan duka sannan ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa. Da yaron ya fita ya ce mini zai yi gwajin tarin fuka, dole ne, amma ko an same shi ba zai tsaya nan ba, domin ƙurar dutse tana tabo a huhu wanda ba ya warkewa, tana kama da tarin fuka a hoto, tana kuma buɗe masa ƙofa. In ba a tambayi aikin ba, sai a yi ta ba mutum magani wata shida, a sake wata shida, ana cewa ciwon ne ya ƙi ji.

Na tambaye shi wa ya koya masa wannan jerin tambayoyi. Ya yi murmushi ya ce garin ne. A Arlit, in ji shi, mutum ba ya gaya maka sunansa sai ya haɗa da kamfaninsa da sashensa, ko shi direban babbar mota ne a buɗaɗɗen rami, ko mai fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa inda iskar radon take taruwa, ko ma'aikacin masana'antar da ake dafa ma'adini da asid har ya zama garin nan mai launin rawaya. Kowane sashe da irin abin da yake bar wa jiki. Tun shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su ƙara tambayar sana'a a kan tambayoyin da suka gada. Na tuna Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Na tuna ma'aikatan majemar Sharaɗa da Challawa da suke zuwa mana da tari da ƙaiƙayi. Sau nawa muka tambaye su abin da hannunsu yake taɓawa daga safe zuwa yamma?

A nan ne abin ya tsaya mini a rai, don haka bari in ɗan dakata da labarin. Yadda muke horar da ƙwararru a gida, kusan duk shekarun a ɗakunan kwanciya suke ƙarewa. Ɗalibina ya iya kula da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya iya shirya mutum don wankin ƙoda, ya iya ceto wanda sukari ya sumar. Hannunsa ya faɗa a ƙarshen ciwo. Amma shekaru goma sha da suka gabaci wannan ƙarshen, lokacin da hawan jinin yake ɓarna a ɓoye kuma ƙwaya ɗaya mai araha za ta tare shi, ba ya ganinsu. In an tura shi ɗakin ganin likita, yau wannan layi, gobe wancan, fuskar da ya gani bana ba lalle ya sake ganinta ba. A 1961 Kerr White da abokan aikinsa sun wallafa wani lissafi a mujallar New England Journal of Medicine: a cikin manya 1,000, a wata guda, kimanin 750 za su ji wani ciwo, 250 za su ga likita, 9 za a kwantar, 1 tak zai kai asibitin jami'a. A kan wannan ɗayan muke gina iliminmu. Amurkawa sun gane haka, shi ya sa a shekaru 3 na horon fannin cututtukan cikin jiki suke ɗaure kowane ɗalibi da nasa marasa lafiya 'yan je-ka-dawo, ya riƙa ganinsu daga farkon horo har ƙarshe, babba yana duba bayansa. Kwalejojinmu biyu masu horar da ƙwararrun likitoci, ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1976 da ta ƙasa da aka kafa a 1979, sun ware fannin likitan iyali, kuma alheri ne babba. Sai dai ƙwararren da bai taɓa riƙe mutum ɗaya shekara uku ba, da wuya ya san abin da yake nema daga likitan iyali idan ya mayar masa da marar lafiya.

Wata tsohuwa ta katse mini tunani. Jikarta ce take riƙe da hannunta, ita kuma tana riƙe da wani ƙunshi a jiƙaƙƙen tsumma. Allurar insulin ce. Likitan ya ce, “Inna, tukunyar tana nan?” Ta ce tana nan, kullum ana jiƙa rairayin. Na nemi bayani, aka ce mini gidansu ba firji, don haka ƙaramar tukunya ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da tsumma a inuwa. Busasshiyar iskar Sahara tana ɗauke ruwan ta bar sanyi. Raina ya yi fari, domin dabarar nan malamin Jigawa ne, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta don adana tumatir da alayyahu, har ya karɓi kyautar Rolex a 2000. Ga ta a nan tana riƙe da ran wata tsohuwa, mu kuwa a gida muna rubuta wa ɗan ƙauye “a ajiye a firji” mu sallame shi. Daga nan suka shiga zancen azumi, da sauran watanni kafin ya kama. Bai ce mata kada ta yi ba, bai ce ta yi ba. Ya nuna mata awonta, ya gaya mata alamomin da in ta ji dole ta sha ruwa, ya ce ta je da maganar wajen malaminsu, su sake zama kafin Sha'aban ya ƙare.

Da Hausarta ta gaza, sai majo ya karɓa da Tamashek. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na wurin, mutum mai furfura, ya daɗe a yankin fiye da shekarun likitan a duniya. Tsakaninsu na ga wani abu da ya burge ni ƙwarai. Da aka shigo da wani yaro da kunama ta harba, kuma harbin kunama a ƙasar Agadas ba abin wasa ba ne musamman ga yara, likitan ne ya juya ya ce, “Majo, me ka gani?” Majon ya duba zufar yaron da yawun bakinsa da bugun zuciyarsa, ya ce wannan ba na sallama ba ne, a kwantar a sa ido. Likitan ya bi maganarsa nan take, a gaban kowa, ba tare da jin an rage masa girma ba. A ƙasar da likitoci ba su kai ɗaya ga mutum dubu goma ba, ma'aikatan jinya ne suke riƙe da cibiyoyin lafiya na matakin farko, kuma saurayin da ya san haka ya sami malami a kyauta.

Bayan la'asar, da layi ya ƙare, ba su watse ba. Aka ɗora shayi a kan gawayi, aka ɗauko rajistar ranar, suka bi ta suna bayan suna. Wa bai zo ba alhali ranarsa ce? Wa za a aika wa? Hoton ƙirjin mai shayin nan, likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya ɗauka da waya, ya tura wa wani malaminsa a Yamai ta WhatsApp, da tarihin aikin yaron a rubuce a ƙasa. Kafin kofi na uku amsa ta dawo da tambayoyi biyu da shawara. Ba wanda ya tsara wannan a matsayin manhaja, ba jarrabawa a ƙarshensa, ba takardar shaida. Amma duk abin da ake nema a horo na ga shi a wurin: marasa lafiyar da suke naka, babba da yake duba aikinka, da zaman bita kullum.

Wata rana likitan ya raka ni kasuwar maƙera. Na ga tukwane da ƙofofi da bokitai da aka ƙera daga tsoffin ƙarafa, aikin hannu mai kyau, irin wanda ake yi a kasuwar Kurmi. Ya ce mini a kan irin waɗannan ƙarafa aka daɗe ana muhawara. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin Somaïr, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man bayan ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a bayyana musu ba. Shi ya gayyato masana na CRIIRAD daga Faransa a 2003, sannan Greenpeace ta zo a 2009. Suka ba da rahoton samun tururin yuraniyom fiye da ƙima a wasu ƙarafan da suka fita daga ma'adinai, da wasu tituna, da ruwan wasu rijiyoyi. Kamfanin Areva, mai gudanar da ma'adinan a lokacin, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta da yawa daga ciki, yana nuni da asibitocin da ya gina a Arlit da Akokan. A 2011 aka kafa wata cibiyar sa ido, OSRA, don duba lafiyar tsoffin ma'aikata. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aiki a ma'adinan, ta yi fim a kan ƙurar garin a 2016. Gwamnatin Nijar kuma ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a 2025.

Na so in ji ɓangaren da likitan yake. Ya ce mini a ɗakin ganin likita ba ya gaya wa mutum cewa rami ne ya jawo masa ciwo idan ba shi da abin da zai tabbatar, ba ya kuma gaya masa cewa ba rami ba ne. Abin da yake yi shi ne ya rubuta: sashe kaza, daga shekara kaza zuwa kaza, yana shan taba ko ba ya sha, gidansa a unguwa kaza, ruwan da yake sha daga kaza. “Maigida,” in ji shi, “wata rana wani zai zo ya ƙirga. In ya tarar ba mu rubuta ba, me zai ƙirga?” Na jinjina masa, domin wannan natsuwa ce da wasu ba sa samu sai gashinsu ya yi fari.

Nisa ma malami ne a can. A wurinmu kalmar “a tura shi sama” ba ta da tsada, bene ɗaya ne ko unguwa ɗaya. A Arlit, tura mutum asibitin yanki na Agadas yini ne a kan waccan hanyar, Yamai kuwa kilomita wajen 1,200. Iyali za su sayar da akuya ko raƙumi kafin su tashi. Na ga likitan ya daɗe a kan wata mata mai kumburin ƙafa da haki, yana auna abin da zai iya yi a nan da abin da ba zai iya ba, sannan ya kira mijinta ya ce, “Malam, ba yau ba, amma ka fara shiri. In nauyinta bai sauka ba zuwa Alhamis, za ku tafi.” Haka kuma yake karɓar waɗanda aka koro daga Aljeriya ta Assamaka, 'yan Gini da Mali da Najeriya, waɗanda ba su da karne ba su da kowa, ya rubuta musu takarda mai bayani da za su nuna a duk garin da suka sauka.

Damuwarsa ɗaya ce. In ya sami gurbin ƙwarewa zai bar garin shekaru, kuma bai san wanda za a turo a madadinsa ba. Saboda haka ya sayi babban littafi mai kauri, ya ware wa kowane mai ciwon da ba ya warkewa shafi guda, yana cikewa da dare. Ya ba ni na duba. Ban ga sunayen magunguna da yawa ba, waɗannan suna cikin karne. A wani shafi an rubuta cewa dattijon ba ya ji da kunnen hagu, a zauna ta damansa. A wani, matar ba ta karɓar sabon magani sai an yi wa babbar 'yarta bayani. A wani, mutumin yakan tafi kiwo bayan damina ya yi wata uku, a ba shi maganin da zai ishe shi kafin ya tashi. A shafin Kawu an rubuta cewa yakan ce yana shan ƙwaya kullum, amma a nemi ya zo da kwalin a ƙirga tare da shi, cikin girmamawa, domin tsohon shugaban ma'aikata ne kuma ba ya son a yi masa magana kamar yaro. Na nemi izininsa na kwafi tsarin shafin, ba tare da sunan kowa ba, don in nuna wa ɗalibaina, ya ce in kwafa, amma in ƙara layin sana'a a sama, domin shi a nasa ya sa shi a ƙasa kuma wurin ba ya isa.